Takalman lokacin zafi: Ire-irensu da yadda ake zaɓen wanda ya dace da ƙafa da sutura

Daga watan Maris zuwa Mayu, lokacin da bazara ke kan ganiyarta, ma'aunin zafi a garuruwa irin su Sakkwato da Maiduguri da Kano yakan haura digiri 40. A irin wannan yanayi mutane kan sauya tufafi zuwa marasa nauyi, amma da yawa sukan bar ƙafa cikin takalmin da suka sha hunturu da shi, ko kuma su faɗa wa silifan da ya fi araha a bakin titi. Sakamakon haka shi ne bororo da wari da cin-ruwa a tsakanin yatsu, ga asarar kuɗi a kan takalmin da ba zai ga damina ba. Ɗan kasuwar da ke wuni a tsaye da ma'aikacin da ke zirga-zirga tsakanin ofis da masallaci da gida, kowannensu na buƙatar takalmin da zai bar ƙafa ta sha iska, ya kuma dace da shigarsa da mutuncinsa.

Abin da zafi ke yi wa ƙafa

Kowace ƙafar ɗan Adam tana ɗauke da ƙasusuwa 26 da gaɓoɓi 33, kuma tafin ƙafa na cikin sassan jiki da suka fi yawan kafofin fitar da gumi. Shi gumin kansa ba shi da wani wari. Ƙwayoyin cutar da ke rayuwa a kan fata ne ke haifar da warin idan suka sami danshi da ɗumi a cikin rufaffen takalmi. Wannan danshin ne kuma ke jawo cin-ruwa, wato ƙaiƙayi da saɓulewar fata a tsakanin yatsu, yana kuma tausasa fata har gogar takalmi kaɗan ta tayar da bororo.

Abu na biyu shi ne kumburi. Zafi yana buɗe hanyoyin jini, tsayuwa ko zama na tsawon lokaci kuma yana sa ruwa ya taru a ƙafa. Shi ya sa takalmin da ya zauna daidai da hantsi yakan fara matsi bayan La'asar.

Buɗaɗɗen takalmi ma yana da nasa cikas. Ƙura da busasshiyar iska suna busar da dunduniya, daga nan kaushi ya taru, faso ya biyo baya. Don haka zaɓen takalmin zafi aiki ne na daidaita buƙata biyu: iska ta shiga, ƙafa kuma ta sami kariya.

Ire-iren takalman

*Silifa mai hanci.* Shi ne wanda igiyarsa ke ratsa tsakanin babban yatsa da na kusa da shi, akasari na soso ko na roba. Ba shi da nauyi, ba ya gudun ruwa, ya dace da banɗaki da alwala da zaman tsakar gida. Illarsa ita ce babu abin da ke riƙe dunduniya, sai yatsu su riƙa danƙe shi a kowane taku, abin da ke gajiyar da ƙafa idan tafiya ta yi nisa.

*Takalmin fata mai faffaɗan maɗauri.* Wannan shi ne abokin kaftani da jallabiya a yawancin biranen Arewa. Wani maɗaurinsa ɗaya ne mai faɗi, wani biyu ne da suka gitta juna, wani kuma an ƙara masa zoben da babban yatsa ke shiga. Gwargwadon faɗin maɗaurin, gwargwadon yadda yake riƙe ƙafa.

*Sandal.* Abin da ya bambanta shi da sauran buɗaɗɗun takalma shi ne maɗaurin da ke zagaye dunduniya. A cikinsu duka shi ya fi dacewa da doguwar tafiya da hawa babur da tuƙin mota, domin ba ya zamewa. Wahalarsa ɗaya ce, kwancewa da ɗaurewa a ƙofar masallaci.

*Hafkoba.* Gabansa a rufe, bayansa a buɗe. Yana ba da kamala irin ta rufaffen takalmi tare da sauƙin cirewa, shi ya sa ma'aikata da dama suka fi son sa da manyan kaya. Yana kuma rufa asirin yatsu da farce.

*Sau-ciki.* Rufaffe ne mara igiya, ana zura ƙafa kawai. Na fata mai laushi, musamman wanda aka yi wa ƙananan huji ko aka saƙa samansa, yana shiga ofis ba tare da ya dafa ƙafa ba.

*Kambas.* Samansa na yadi ne ko raga, ƙasansa roba. Yana da daɗin tafiya, ana iya wanke shi, amma yana buƙatar safa, kuma farinsa ba ya jimirin ƙurar kasuwa.

*Na roba mai huji-huji.* Samfurin Crocs, wanda ya fito a Amurka a 2002, da ɗimbin kwaikwayonsa da suka cika kasuwa. Ya karɓi aikin da ake taɓa ruwa, amma roba ba ta shan gumi, kuma idan aka bar shi cikin rana ko a rufaffiyar mota yakan tsuke.

*Na mata.* Bayan waɗanda aka ambata, akwai shimfiɗaɗɗe mai siraran igiyoyi, da mai tudu wanda ƙasansa ke haɗe tun daga gaba har dunduniya, da mai tsini. Mai tudu ya fi mai tsini raba nauyin jiki, kuma ba ya nutsewa a yashi ko maƙalewa a tsagar kwalbati.

Kayan da aka yi takalmin da su

Fata ce kan gaba a yanayin zafi, domin tana shan gumi ta sake shi, tana kuma bin siffar ƙafa bayan 'yan kwanaki. Ƙasar Hausa ta daɗe da sanin wannan sana'a. Baturen Jamus mai yawon bincike Heinrich Barth, wanda ya shiga Kano a 1851, ya lissafa takalma cikin kayan da birnin ke fitarwa zuwa ƙasashe masu nisa. Fatar jar akuyar Sakkwato kuwa ta ratsa Sahara har Turai, inda aka san ta da sunan fatar Maroko saboda ta can take bi. Tarihin Kano ma yana jingina takalmin gashin jimina na sarauta ga Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499. Har yau majema na gargajiya suna jima da bagaruwa, manyan masana'antun fata suna aiki a Challawa da Sharaɗa, dukawa kuma suna ɗinki a Kano da Sakkwato da Damagaram da Agadas.

Sai dai ba duk abin da ke sheƙi a kanti ne fata ba. Da yawa leda ce aka shimfiɗa a kan yadi aka buga mata zanen fata. Ana iya bambance su ta hanyoyi huɗu. Fata tana da ƙamshinta, leda kuwa warin roba take yi. Bayan fata yana da gashi-gashi, bayan leda yadi ne ko soso. Ƙananan ɗigogin da ke fuskar fata ba sa zuwa iri ɗaya, na leda kuwa a jere suke kamar an auna. Idan aka danna fata da yatsa takan yi 'yan tamoji ta koma daidai. Leda ba ta shan gumi, kuma zafi yana sa ta tsage ta riƙa ɓarewa.

A duba shimfiɗar ciki, wato inda tafin ƙafa ke zama. Akwai takalman da samansu fata ce amma shimfiɗarsu leda, irin waɗannan suna santsi da zarar gumi ya zubo. Shimfiɗar fata mara sheƙi ta fi. Takalman Birkenstock na Jamus sun yi suna ne saboda shimfiɗarsu ta ɓawon itace da danƙo, mai tudu a daidai ramin tafin ƙafa da ɗan zurfi a mazaunin dunduniya, kuma masu ɗinki da dama sun ɗauki wannan fasali.

Ƙasan takalmi shi ke tsakanin mutum da kwalta mai zafi. Wanda ya cika siranta yana shigo da zafin ƙasa, ƙusa da ƙaya ma suna huda shi. Soso yana da laushi da rashin nauyi amma yana saurin lotsewa. Roba mai zane ta fi ƙarko, ta fi kama ƙasa a kan tayil mai ruwa. Ƙasan da aka ɗinke ya fi wanda gam kaɗai ya riƙe, domin zafi yana sassauta gam.

Awo da gwaji

Lambobin da aka fi sani a kasuwannin Najeriya, irin su 38 da 42 da 45, awon Turai ne, kuma tsakanin lamba da lamba akwai kashi biyu bisa uku na santimita. Awon Ingila daban yake: lamba 8 a can ta yi kusan daidai da 42, a awon maza na Amurka kuma kusan 9. Duk da haka, 42 na wani kamfani ba lallai ya zo ɗaya da 42 na wani ba, don haka lamba jagora ce kawai, gwaji ne ke yanke hukunci.

A gwada takalmi da yamma, lokacin da ƙafa ta kai iyakar kumburinta. A gwada ƙafa biyun a tsaye, domin yawancin mutane ƙafarsu ɗaya ta ɗan fi ɗaya girma, kuma da babbar ake awo. A rufaffen takalmi a bar sararin da ya kai faɗin babban yatsan hannu tsakanin yatsa mafi tsawo da bakin takalmin. A buɗaɗɗe kuwa, kada dunduniya ta leƙo baya, kada yatsu su zarce gaba. A bar kamar rabin santimita a kowane ɓangare. Wanda ya yi yawa ma aibi ne, yana jawo tuntuɓe da jan ƙafa.

Akwai gwaji biyu da ake yi da hannu. A lanƙwasa takalmin: ya kamata ya lanƙwashe a gaba, daidai gindin yatsu. Idan ya naɗe a tsakiya kamar tabarma, ba zai tallafi ƙafa ba. Sannan a murɗa shi kamar ana matse wanki: mai kyau yakan ɗan turje. Bayan haka a shafa cikinsa da yatsa don neman ɗinki mai kaifi ko kan ƙusa.

Mai sayarwa yakan ce takalmi zai buɗe idan aka saba da shi. Fata takan ɗan saki a faɗi, amma tsawo ba ya ƙaruwa, roba da leda kuwa ba sa sakin kirki. Takalmin da ya ciji ƙafa a shago zai ci gaba da cizonta a gida.

Dacewa da siffar ƙafa

Mai faffaɗar ƙafa ya nemi faffaɗan maɗauri ko wanda ake iya sassautawa, da gaba mai zagaye ko mai kusurwa huɗu. Siraran igiyoyi suna nutsewa cikin nama, su sa ƙafar ta ƙara faɗi a ido. Mai siririyar ƙafa ya fi kyau da maɗaurai masu gittawa ko sandal mai ɗaurewa, domin faffaɗan takalmi yakan yi masa kwararo.

Doguwar ƙafa tana raguwa a ido idan maɗauri ya ratsa ta a kwance ko launin ya yi duhu, takalmi mai tsinin baki kuwa ƙara mata tsawo yake yi. Gajeriyar ƙafa tana son a bar bayanta a buɗe, da maɗauri mai siffar hancin silifa ko gaba mai ɗan tsini. Mai tudun bayan ƙafa ya guji sau-ciki mai matsattsen baki. Wanda tafin ƙafarsa ya shimfiɗe ba rami, ya nemi shimfiɗa mai ɗan tudu a tsakiya da ƙasa mai ƙwari.

Maɗaurin da ke zagaye idon sawu yana gajarta ƙafa a ido, musamman idan launinsa ya yi nisa da na fata. Ga macen da ke son ƙarin tsawo, tudun santimita 2 zuwa 4 ya wadatar don zirga-zirgar yau da kullum. Abin da ya haura haka yana tura nauyin jiki kan yatsu, gara a ajiye shi don biki. Shimfiɗaɗɗe ƙwarai mai siririn ƙasa shi ma yana iya jawo ciwon dunduniya ga mai yawan tsayuwa.

Dacewa da sutura da launi

Nauyin takalmi ya bi nauyin tufa. Babbar riga ta shadda tana son hafkoba ko sau-ciki ko takalmin fata mai kauri. Silifan soso a ƙarƙashinta yana zubar da kwarjininta. Kaftanin yadi mara nauyi da jallabiya suna tafiya da takalmin fata mai sauƙin ado. Ƙananan kaya suna karɓar kambas da sandal da sau-ciki. Bakin wando ya tsaya a kan idon sawu ko ƙasa da shi kaɗan, domin wandon da ke jan ƙasa yana kwasar ƙura, ya kuma ɓoye takalmin.

Game da launi, baƙi da ruwan ƙasa su ne ginshiƙi ga maza. Baƙi ya dace da fari da ruwan toka da shuɗi mai duhu. Ruwan ƙasa ya dace da ruwan madara da ruwan zuma da kore da sararin samaniya, kuma ya fi baƙi ɓoye ƙura. Baƙi yana kuma ɗaukar zafi idan aka daɗe cikin rana. Masu kula da ado sukan haɗa launin takalmi da na maɗaurin agogo, ko da ɗaya daga cikin zaren hula.

Ga mata, atamfa mai yawan launuka tana son takalmi mai launi ɗaya, a ɗauko shi daga cikin launukan atamfar ko na mayafi. Leshi mai duwatsu ya riga ya ɗauki ado, sai a sassauta a ƙafa. Baƙar abaya kuwa tana ba da damar ruwan gwal ko ruwan azurfa ko wani launi mai haske. Tunda zani da doguwar riga suna sauka har idon sawu, gaban takalmin ne ake gani, don haka nan ne ya kamata a duba kyansa. Wadda ta yi lalle ta zaɓi mai ƙarancin igiyoyi don zanen ya fito. Takalmi mai launi kusa da na fatar mai shi yana shiga da kusan kowace tufa.

Bayan waɗannan ƙa'idoji, sauran zaɓi na mai ƙafa ne. Wani yana son ɗinkin dukawa mai zane ja da kore, wani ba ya son ko ɗigon ado. Hanya mai sauƙi ita ce mutum ya dubi launuka uku da suka fi yawa a cikin kayansa, da takalmin da ya fi yawan ɗauka ba tare da tunani ba, ya yi sayayya a kan wannan.

Dacewa da aiki

Ɗan kasuwa mai wuni a tsaye ko mai zagaye tsakanin rumfuna ya fi buƙatar ƙasa mai kauri da taushi da maɗaurin dunduniya. Inda ake sauke kaya masu nauyi ko tura baro, rufaffen gaba ya fi aminci. Ma'aikacin ofis zai iya riƙe sau-ciki ko hafkoba a ranakun aiki, ya ajiye silifan roba a ƙarƙashin tebur don alwala, saboda jiƙa takalmin fata sau da yawa a rana yana busar da shi ya tsage. Kafin a mayar da ƙafa cikin rufaffen takalmi, a tsane ta, musamman tsakanin yatsu.

Mai tuƙin mota ya guji silifa mai hanci da takalmi mai tsini, domin suna iya zamewa ko su maƙale a ƙarƙashin birki. Mai hawa babur ya rufe yatsunsa.

Masu buƙatar kulawa ta musamman

Ciwon suga yana iya kashe jijiyoyin ji a ƙafa, har mutum ya taka ƙusa ko ya ƙone a kan siminti mai zafi bai sani ba, ƙaramin rauni kuma ya zama gyambon da ke kai wa ga yanke ƙafa. Likitoci suna shawartar masu wannan ciwo da su guji tafiya ba takalmi ko da a cikin gida, su guji silifa mai hanci, su sa rufaffe mai laushi da yalwar gaba tare da safa mai tsabta. Su zazzage takalmi su shafa cikinsa kafin sawa, su duba ƙafarsu kullum, su garzaya asibiti da zarar sun ga rauni ko sauyin launi.

Masu juna biyu, waɗanda ƙafarsu kan kumbura, sun fi samun sauƙi da maɗauri mai sassautuwa da ƙasa mara santsi. Tsofaffi kuma su guji takalmi mai buɗaɗɗen baya da ke fita da kansa, domin yana cikin abubuwan da ke jawo faɗuwa.

Wajen saye

A Kano, Kasuwar Kurmi ta shahara da aikin fata na hannu, Ƙofar Wambai kuma da takalma iri-iri har da gwanjo. Kasuwar Ariaria da ke Aba tana cikin manyan cibiyoyin ɗinkin takalma a Najeriya, kayanta suna isa kasuwannin Arewa. Wanda ƙafarsa ba ta samun daidai a kanti zai iya zuwa wurin mai ɗinki a zana ƙafafunsa biyu a takarda yana tsaye, ya zaɓi fata da ƙasan da yake so.

Mai sayen gwanjo ya lanƙwasa ƙasan da kyau ya danna shi da farce. Wani nau'in roba yana ruɓewa idan ya daɗe a ajiye cikin zafi da danshi, sai takalmi ya yi kyau a ido amma ya marmashe a fitar farko. A duba ko dunduniyar ta cinye ta gefe ɗaya, sannan a wanke ko a goge cikinsa da maganin kashe ƙwayoyin cuta, a shanya kafin sawa. Mai saye ta intanet ya auna tsawon ƙafarsa da santimita, ya kwatanta da jadawalin mai sayarwa, ya kuma tabbatar da sharaɗin canji kafin ya tura kuɗi.

Hausawa sun ce araha ba ta ado. Alal misali, takalmin Naira 8,000 da zai mutu cikin wata uku yana cin Naira 32,000 a shekara, ya fi na Naira 25,000 da zai shekara biyu tsada nesa ba kusa ba. Tsada kaɗai kuma ba shaidar inganci ba ce, tunda ana liƙa sunayen manyan kamfanoni a kan jabu.

Kula da takalmi

Takalma biyu da ake sawa bi da bi sun fi ɗaya daɗewa, domin kowanne yana samun yini guda ya bushe. A shanya takalmin fata a inuwa mai iska, rana tana ƙona shi ya yi tauri. A kakkaɓe ƙura da burushi kafin a shafa mai, in ba haka ba ƙurar za ta manne. Idan ruwan sama ya jiƙa shi, a cusa masa takarda ta tsotse danshin. Kambas da na roba a wanke su da sabulu, a bari su bushe sarai. Sabon takalmin fata a fara sa shi na 'yan sa'o'i a rana har ya saba da ƙafa, kada a yi doguwar tafiya da shi ranar farko.

Da zarar ɗinki ya fara kwancewa ko dunduniya ta karkace, a kai wa shumeka tun gyaran yana ƙarami. Idan shimfiɗar ta lotse har siffar ƙafa ta zauna a ciki, ko zanen ƙasan ya shafe yana santsi, lokacin sauyawa ya yi. Ita ma ƙafar tana da nata haƙƙin, tunda buɗaɗɗen takalmi ba ya ɓoye komai: a yanke farce a miƙe, a goge kaushi da dutsen goge ƙafa bayan wanka, a shafa man kaɗanya a dunduniya da dare, amma kada a shafa shi a tsakanin yatsu.